Motar da Ba Ta Son Mai Ita

Ku samarin yanzu kuna ba ni dariya, wani lokaci kuma ku ba ni haushi. Mutum ya sayi 'yar na'ura kamar kwalin ashana, ya soka ta a ƙarƙashin sitiyari, ya leƙa wayarsa, sai ya zo garejina a nan Bodinga yana hura hanci, wai aikinmu na rewaya, gyaran wayoyin mota, ya mutu, yanzu mota da bakinta take faɗin ciwonta. To madalla. Tana faɗi kam, amma irin faɗin mai zazzaɓi: kai na ciwo, baya na ciwo, gwiwa ma ba a bar ta ba. Na'urar za ta rubuta maka cewa ƙwaƙwalwar inji ta daina jin ta giya. Ba za ta ce maka don me ba, ba za ta nuna maka a ina ba. Wannan kai ne za ka tuɓe riga ka nemo. Ku gyara zama in ba ku labarin jif ɗin Alhaji Nomau, sannan ku ce mini abu ne mai sauƙi.

Alhaji Nomau babban dillalin albasa ne a Shagari. Direbansa, Arzika, shi ne ya kawo mini motar wata safiya, baƙa wuluk 'yar Kwatano, tana ta sheƙi. Arzika ya daɗe tare da Alhaji, tun Alhaji yana hawa gaban babbar mota da kansa yana raka kaya Kudu. Gidan da Arzika yake zaune da iyalinsa ma na Alhaji ne. Ya sauko ko gaisuwar kirki bai iya yi ba.

Ya ce, "Malam Altine, ka taimake ni don Allah. Alhaji ya rantse in motag ga ta sake mutuwa da shi ciki, in aje makulli in kwashe ɗiyana in bar mashi gidanai."

Na ce, "Mi ka damun ta?"

Ya ce, "Ba komi. Abin da ka damuna ke nan. In ni ɗai na ciki, har Sakkwato ni ka zuwa in komo ko tari ba ta yi. In na ɗauki Hajiya da yara, lahiya lau. Amma da Alhaji ya shiga, sai hitilu su kama baki ɗai, giya ta ƙi shiga, inji shi mutu."

Abin da ya fi ƙona wa Alhaji rai shi ne ɗaurin auren da aka yi a Kajiji. Motar ta mace masa a tsakiyar hanya, sai a bayan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa, ya tattare babbar riga a cinya, hula a hannu, abokan hamayyarsa na kasuwa suna zaune a kan tabarma suna kallo. An ce har wani ya tashi ya kama masa babur ɗin don ya sauko. Daga nan aka kai motar Sakkwato aka canza ƙwaƙwalwar giya. Arzika ya dawo da ita lafiya, washegari Alhaji ya shiga, ko bakin kasuwa ba su kai ba ta sake mutuwa. Mutanen gari suka ce aljanu ne. Alhaji kuwa ba ya son irin wannan magana ko kaɗan. Mutum ne da idan ya ga laya a wuyan jikansa zai sa reza ya yanke, ya kuma yi wa uwar yaron wa'azi har abinci ya huce. Shi a wurinsa maganar a fili take: Arzika ne ya haɗa baki da makanikai, yana taɓa wani abu duk lokacin da ya ga maigida ya shiga.

Na soka na'urata. Ta zubo mini ƙorafi cike da fuska. Ƙwaƙwalwar inji ta ce ba ta jin ta giya, ta giya ta ce ba ta jin ta birki, ta birki ta ce ita kam ba ta jin kowa. A nan ne kuke faɗawa rami, don haka ku saurara. Motar yanzu ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba. Inji na da tasa, giya na da tata, birki, ƙofofi, allon gaban direba, kowanne da ɗan akwatinsa. Dukansu kuma ta hanya ɗaya suke magana, wasu siraran wayoyi biyu da aka murɗe su tare kamar igiyar guga, sun ratsa motar daga gaba har baya. Idan wayoyin nan suka haɗu da juna, ko ɗaya ta taɓa ƙarfen jikin mota, zance ya yanke wa kowa. Sai kowane akwati ya kama zargin maƙwabcinsa. Wanda bai sani ba sai ya cafke wanda aka fi ambata ya cire ya sa sabo, alhali akwatin bai ci ba bai sha ba. Da na ga kowa yana kuka da kowa, na san ba akwati ba ne, hanya ce.

Sanin hanya ce ba shi ne gano wurin ba. A nan sai abin da na koya a wurin Baba Hantsi. Shi ne maigidana na farko, tsohon ɗan rewaya ne a bakin tasha, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinsa duka a gwangwanin madara suke: filaya, sukudireba biyu, baƙin tef, da ƙwan fitila da ya ɗaura wa waya. Gwajinsa kuwa shi ne ya kankara waya a jikin ƙarfe. In ta yi tartsatsi akwai wuta, in ba ta yi ba sai ya ce batir ne. Amma fa tsohon nan ya iya bin waya. Zai sa ka kama ta da yatsa daga inda ta fito har inda ta shiga, in ka tsallake ko taƙi ɗaya ka ji ƙotar sukudireba a ƙeya. Kuma kafin ya taɓa mota sai ya titsiye mai ita da tambaya kamar alƙali: yaushe take yi, da sanyi ko da zafi, da kaya ko ba kaya, wa ya taɓa ta kafin ni. Lokacin ina ganin surutun tsufa ne.

Ita kuwa mita, na'urar auna waya, sai da wuya ta yi wuya na koye ta. Akwai shekarar da motoci masu ƙwaƙwalwa suka cika hanyar nan. Wani abokin sana'armu ya yi wa ɗaya gwajin tartsatsi, ya gasa akwatinta nan take, labari ya bazu cewa 'yan rewayan Bodinga ba su san motar zamani ba. Kowa ya koma Sakkwato. A shekarar kuma albasa ta ruɓe a rumbu, har tsofaffin motocin da muka iya ba mai kawowa. Na koma gyaran tocila da hon ɗin keke mai ƙafa uku. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai na shiga bas kullum ina zuwa birni wurin wani da na girme shi nesa ba kusa ba. Ina ce masa Oga, ga furfura a gemuna, yana aike na sayen ruwan sanyi ina zuwa. A wurinsa na koyi cewa idan ka cire kan batir ka ɗora mita a kan tagwayen wayoyin nan, in lafiya suke za ta nuna maka sittin. In ta ninka haka, hanya ta tsinke a wani wuri. In ta faɗi ƙasa warwas, sun rungumi juna.

Na cire kan batir ɗin jif na ɗora mita. Sittin cif. Na girgiza wayoyin gaban inji, na daddaki allon gaba, na buɗe ƙofofi na rufe. Ko gezau. Na mayar da batir muka hau hanyar Mandera, wadda ramukanta ke iya kwance wa mutum haƙori. Na ce wa Arzika kada ya kauce wa ko ɗaya. Muka je muka dawo, ni ne na jigata, motar ko a jikinta. Sai na koma ga tambayoyin Baba Hantsi.

Na ce, "Ina Alhaji ka zama?"

Ya ce, "Baya, hannun dama. Bai taɓa sake wuri ba."

"In bai ciki, wa ka zama nan?"

"Wa ya isa? Ko Hajiya sai dai ta zauna hagu."

Na shiga na zauna a wurin, na yi tsalle-tsalle a kan kujerar. Ba abin da ya faru. To amma ku dube ni, ni da karan dawa ba mu da wani bambanci. Sai na tsaya na kawo Alhaji Nomau a raina. Allah ya yi wa bawan nan albarkar jiki. Idan ya tsaya a ƙofar shago, na ciki sai su kunna fitila.

Na taka zuwa wurin masu albasa na bakin hanya na roƙi aron buhu guda, irin manyan nan da ake yi wa hula da raga. 'Yan dako suka ɗauko shi suna tambayar ko but za a buɗe. Na ce a'a, kujerar baya, hannun dama. Kun san Bodinga, kafin a gama cusa shi mutane sun taru. Wani mai shayi ya cire hularsa ya ɗora wa buhun. Wani tela ya rusuna a bakin taga ya ce, "Ranka shi daɗe, an zo lahiya? Ya hanya?" Aka fashe da dariya. Arzika kuwa kamar ya yi kuka, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo kada maganar ta kai Shagari.

Na sake cire batir na ɗora mita, na ba Arzika ya riƙe. Da buhu a kujera lambar ta fara rawa, amma ba ta faɗi ba. Na ce lallai Alhaji ya fi nan. Sai na tattare wando na haye kan buhun, na duƙa, ƙeyata tana gogar rufin mota. Ina sakin nauyina sai na ji Arzika ya yi ƙara, "Malam Altine, ta hwaɗi! Ta koma ba komi!" Na ɗaga, ta dawo sittin. Na zauna, ta faɗi. Mai shayin nan ya sanar wa jama'a da babbar murya cewa yau an auna Alhaji Nomau, ya tashi buhu guda da Altine. Na yi masa daƙuwa, amma ni kaina dariya ta kusa kayar da ni daga kan albasar.

Ciwo dai yana ƙarƙashin kujerar nan. Aka sauke buhu, na ɗauko sifana zan kwance ta. Sai Arzika ya canza. Ya ce ko mu bari a yi azahar tukuna. Na ce da sauran lokaci. Ya ce ko in ci abinci, shi zai saya. Mutumin da tun safe yake azalzala ta, yanzu shi ne yake riƙe mini hannu. Na ture shi na ɗaga kujerar.

A jikin ƙarfen da ke riƙe da soson kujera, daga ƙasa, an ɗaure wata laya ta jar fata, ba ta kai tafin hannu ba. Da wayar ƙarfe aka ɗaure ta, irin wadda magina ke ɗaure rodi, aka murɗe bakin da filaya aka bar shi tsaye yana kallon ƙasa kamar tsinke. Daidai ƙarƙashinsa kuwa damin wayoyin motar ya wuce. Tsinin ya daɗe yana cin tef a hankali har ya huda, ya feɗe rigar tagwayen nan biyu. In ba nauyi, yana sama abinsa. In maigida ya zauna, sai ya sauko ya shiga tsakaninsu ya haɗa su. Na juyo na kalli Arzika. Ya tsuguna a ƙasa ya dafe kai.

Ya ce a hankali, "Ni niɗ ɗaure ta. Wallahi ban san waya ta bi nan ba. Inna ta, mahaihiyar Alhaji, tab ba ni. Ta sa na rantse ba ni hwaɗa mashi. In ya sani ya kore ni, in na hwaɗi na ci amanar tsohuwa."

Haushinsa ya kama ni, don da ya yi magana tun farko da ba a wahalar da kowa ba. Tausayinsa kuma ya fi haushin yawa. Ban kai ga cewa komai ba sai na ji taron ya yi tsit. Wata motar albasa ta tsaya a bakin gareji, Alhaji Nomau yana saukowa daga gabanta da ƙyar. Ashe wani ɗan albarka ya ɗauki hoton buhun da hularsa, ya riga ya isa Shagari.

Ya ce, "Altine! An ce kun yi mutum-mutumina da albasa kuna gaishe shi. Ni za ku maida abin wasa cikin kasuwa?"

Na rusuna sosai na ce, "Ranka shi daɗe, wane mu. Gwaji na. Ciwon motar bai hitowa sai an danne kujera, mu kuwa duk garin ga ba mu da mai cikar zati irin taka, shi ya sa munka biɗi taimakon albasa."

Ya harare ni, bai tabbatar ko yabo ne ko zagi ba. Ya ce in nuna masa ciwon. Ba yadda zan yi, kujera tana ɗage, abu a fili. Ya leƙa. Na ga wuyansa ya kumbura.

Ya ce, "Laya? Ƙarƙashina? Arzika! Ashe ba makanikai kaɗai ba, har wurin bokaye ka kai ni? Mallake ni za ka yi? Kawo makulli. Yau ɗin ga ka hita gidana."

Arzika ya miƙa makullin da hannu biyu. Jama'ar da ke dariya ɗazu kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuma ga gaskiya a bakina, amma ba tawa ba ce da zan faɗa. Sai na sa filaya na datse wayar ƙarfen, na ciro layar na miƙa masa. Ya ja hannu baya kamar na ba shi kunama.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni waya nis sani, ban san laya ba. Amma mu a sana'armu, kahin mu yanke hukunci sai mun duba hannun wanda yay yi aiki. Dubi ɗunkin ga. Wanga ba aikin kasuwa ba na."

Ya karɓa da yatsu biyu yana yamutsa fuska. Ɗinkin da koren zare aka yi shi, ya karkace, wani wuri allurar ta kauce ta dawo, wani wuri an maimaita rami ɗaya. Aikin wanda ya iya ne, amma ido ya gaza masa. Alhaji ya juya ta, ya sake juyawa. Ya kai babban yatsa ya shafa ƙullin da aka yi a kusurwa. Da ya buɗe baki, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Arzika. Inna ta?"

Arzika ya kawar da kai.

"Ba kai kah hwaɗi ba, ni nig gane. Yaushe?"

Arzika ya ce, "Bayan rasuwar ƙanenka Tukur, ranka shi daɗe, da mota tak kihe da shi. Ranar da anka watse zaman makoki ta kira ni ɗakinta. Ta ce ta san halinka, in ka gani yankewa za ka yi. Ta ce hanya ta amshe mata ɗaya, ba ta iya zama tana kallo ta amshe na biyu."

Alhaji ya nemi bencina ya zauna, bencin ya yi ƙara, ba wanda ya yi dariya. Na ce wa jama'a kallo ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Na koma cikin mota na yanke inda ya feɗe, na yi wa wayoyin dalma, na sa wa kowacce rigarta, na sake murɗe su yadda suka zo, don in ka bar su a warware wata rigimar ce. Na naɗe damin da tef. Mita ta nuna sittin. Na saukar da kujera ban ɗaure ta ba tukuna, na sa 'yan dako suka dawo da buhun, na sake hayewa, ba ta motsa ba. Duk wannan Alhaji yana zaune da abin a tafin hannunsa, bai ɗago ba.

Da aka sauke buhun na zo zan ɗaure kujera sai ya ce, "Altine, dakata. Cikin motag ga akwai wurin da waya ba ta bi ba?"

Na ce akwai, na nuna masa wani ƙarfe can gefe wajen ƙofa, inda ba abin da ya ratsa. Ya ce in ba shi zare. Ba ni da zare, sai telan nan ya ruga shago ya kawo. Alhaji Nomau da girmansa ya durƙusa a ƙasar garejina, cikin baƙin mai, babbar rigarsa tana sharar ƙasa, ya ɗaure layar da hannunsa yana huci. Da ya gama sai da ni da Arzika muka kama shi ya miƙe. Ya kakkaɓe gwiwa, ya dube ni ya ce shi fa har gobe bai yarda abin nan yana tsare kowa ba, Allah ne mai tsarewa. Na ce haka ne, ranka shi daɗe.

Na ɗaure kujera, na mayar da batir, ya shiga wurinsa ya zauna da dukkan nauyinsa. Ya miƙo makulli ta taga ba tare da ya kalli Arzika ba. Arzika ya murɗa, inji ya tashi, allon gaba fes, ko fitila ɗaya ba ta kama ba.

Alhaji ya ce, "Mu tahi gida in gaida Inna. Kuma Arzika, in ka kuskura ka hwaɗa mata na gani, ran nan kam da gaske ni ka korar ka."